Ɗigon Baƙi a Kwamfutar Najwa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Alhaji Sodangi, ita ma ba ta kai ni tsawo ba, don haka kada wani ya tambaye ni yadda aka yi na san abin da zan faɗa. Wani na ji da kunnena, wani na gani da idona, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ni malamar firamare ce a ƙauyen nan namu na ƙasar Sudan, a bakin babbar tur'a, magudanar da ke kawo wa gonakinmu ruwa, tafiyar rabin awa a mota zuwa Hasahisa. Ni na koya wa 'yarsa Najwa riƙe alƙalami. Lokacin da abin ya faru tana shekarar ƙarshe a jami'a a Madani, tana karatun noman ban-ruwa, aiki ɗaya ya rage mata ta gama: taswirar magudanan yankinmu, da za ta nuna inda laka ta toshe da inda ruwa ke gudu. Sati uku aka ba su. Alhaji kuwa ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa bana ce ta ƙarshe, ko ta gama ko ba ta gama ba, ba zai ƙara mata shekara ba.

Aikin ba ya yiwuwa sai da kwamfuta, na makaranta kuma sai mutum ya yi sati yana layi kafin ya samu awa biyu. Shi ya sa yarinyar nan ta yi hutu biyu cur tana tsinkar auduga cikin rana, har bayan hannunta ya yi kaushi, don ta sayi laftof nata na kanta. Ranar Alhamis da za a je saye, ina shanya a tsakar gida na ji ta tana roƙon ubanta.

"Abba, ka bari in bi ku. Ni na san abin da za a duba."

"Ki bi mu ina? Kasuwar Hasahisa? Ki tsaya kina ciniki da maza ina raye, yayanki na raye? Mi kike so mutane su ce da ni?"

Yayan nata shi ne Saifuddeen, ɗan fari, shekara talatin ba kaɗan, ba ya gona ba ya kasuwa, amma in ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ya haƙa tur'ar. Da Najwa ta ga ba za a bar ta ba, sai ta yago takarda ta rubuta masa komai dalla-dalla, ta kuma karanta masa da ƙarfi. Ta ce abu mafi muhimmanci shi ne gilashin fuskar kwamfutar, wanda mu nan muke ce wa shasha. Ya sa a buɗe masa farin shafi ya duba ko akwai ɗigo, sannan baƙin shafi ya duba ko haske na zubowa ta gefe. Ya sa a nuna masa shuɗi da kore daban-daban, don da su za ta zana ruwa da gona. Ya karkata ya kalla ta gefe, ya kuma fito da ita bakin ƙofa ya gani a hasken rana. Na ƙarshe, ya tambayi takardar garanti, wadda ake ce wa daman, ya ji ko ta haɗa da shasha, da kuma kwana nawa aka bayar.

"Halas, ya isa haka," in ji Saifuddeen, yana cusa takardar a aljihu. "Ke kam kamar jirgin sama za mu sawo."

Shagon da suka je na wani Hamid ne, ɗan Balaraben da ke da gonar da Alhaji yake nomawa a raba amfani biyu. Da la'asar suka dawo, kwali a hammatar Saifuddeen, Alhaji yana gaba yana fara'a. Kwamfutar ba ta shiga cikin gida ba. Zauren maza aka wuce da ita, don duk sabon abu a gidan nan sai maza sun gama gani. Ranar nan da Juma'a duka tana can, samari sun yi mata rumfa suna kallon ƙwallo, Najwa kuwa ba ta da halin taka zauren tunda maza ne cike. Sai dai ta aika da shayi, a dawo mata da kofuna. A ranakun ne kuma Saifuddeen ya fara yawo da sabuwar waya mai faɗi, ya ce wani abokinsa ne ya aiko masa daga Bur Sudan.

Sai ranar Asabar da hantsi aka miƙo mata kayanta, da maiƙon gyaɗa a jikin madannai. Ta leƙo ta katanga ta kira ni in zo in taya ta murna. Muka zauna a inuwar darbejiya, ta buɗe farin shafi, sai na ga fara'arta ta ɗauke. A can ƙasa ta hagu akwai wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar dawa, wani siririn layi kuma ya taso daga jikinsa ya yi sama. Ta goga da bakin mayafinta, bai fita ba. Ta ɗan matsa gefen, ɗigon ya motsa kamar tawada cikin ruwa.

"Ustaza, ta ciki ta fashe," ta ce. "Wanga ba tsayawa yakai ba. Ci zai ta yi."

Ta zaro takardar daman daga kwali ta karanta. An rubuta cewa in an ga aibi a shasha, a mayar kafin la'asar ta Alhamis mai zuwa a canza. Kwana bakwai ke nan, biyu sun riga sun tafi a kallon ƙwallo. Na ce mata ai da sauƙi, gobe a mayar. Ni ma a lokacin wauta ce ke ɗibata, na ɗauka magana ce ta hankali.

Ranar Lahadi ta tare yayanta yana wanke fuska, rana ta take tsaka.

"Yaya, ka duba farin shafin da na ce?"

"Na duba mana."

"To ga ɗigo. Ga layi."

Ya leƙa da ido ɗaya. "Wanga ɗan abu? Ya Najwa, ki ji tsoron Allah. Mutane na neman abinci, ke kina neman ɗigo. Ki matsa rubutunki gefe mana, ga wuri nan ko'ina."

"Taswira ce, ba rubutu ba. Don Allah ka kai musu, kwana huɗu sunka rage."

"Ni ba ni da lokaci. Kuma da ba ta da komi sanda na kawo. Wa ya sani ko ke kinka danne ta."

Ranar Litinin ta je wa uwarta, Hadizatu, tana tuƙa tuwo. Hadizatu mace ce mai kirki, amma irin kirkin da ba ya tsinana wa kowa komai. Ko sunan ɗan farin nata ba ta faɗa, balle ta ce ya yi laifi.

"Inna, ki yi wa Abba magana."

"In ce mishi mi? Yayanku ya wahala ya je ya sawo miki, ko sannu ba ki ce ba, sai ƙorafi. Ki yi haƙuri ki lallaɓa da ita hakanan. Mu da munka yi aure da tukunya mai tsaga, ba mu ci tuwo ba?"

A ranar ɗigon ya kai girman ƙwai. Layin ya haihu, sun zama uku. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne launi: duk rabin shashar na hagu, shuɗi ya koma kore, ba ta iya bambance tur'a da gonar da ke gefenta. Takan ja taswirar zuwa dama ta zana ɗan guntu, ta sake ja, ta ɓata inda take, ta koma farko. Aikin awa ɗaya sai ya ci mata wuni. Idanunta suka yi ja, tana aiki tana share hawayen da ba na kuka ba.

Ranar Talata na kasa daurewa. Na yafa mayafi na zagaya ta ƙofa, na sami Alhaji a kan tabarma bayan azahar, Najwa tana durƙushe gefe da takardar a hannu. Bayan gaisuwa na ce masa, Alhaji, wannan takarda ai don irin wannan aka rubuta ta, ba faɗa ba ne, ba kuma roƙo ba, haƙƙin yarinya ne.

Ya dube ni kamar na zo masa da zancen yara. "Ustaza, ke mai ilimi ce, amma ba ki san ciniki ba. Ni da kaina na tafa hannu da yaron ga. Munka shafa Fatiha, shi da ni, gaban mutane. Ke kin taɓa jin an mayar da kaya bayan Fatiha?"

A nan fa gizo yake saƙarsa a wurinmu. In an daidaita ciniki, aka tafa hannu, aka shafa Fatiha, magana ta mutu. Haka kakanninmu suka sayi shanu, haka iyayenmu suka sayi jakai. Wanda ya mayar da kaya bayan haka, ko bai buɗe baki ba, ya kira mai kayan macuci. Al'ada ce mai kyau a kasuwar dabbobi, inda mutum ke buɗe bakin saniya ya ƙirga haƙora kafin ya miƙa hannu. Amma Alhaji ya shafa Fatiha a kan abin da bai ma san ta inda ake kunna shi ba.

"Abba, shi da kansa ya rubuta a mayar," in ji Najwa.

"Ya rubuta don gwamnati ta ce a rubuta. Mutumin kirki ba ya aiki da ita. Kin san gonar wa nike nomawa? Shekara goma sha tara ina cikin gonar ubansa. In na mayar musu da kaya yau, baɗi ya ba wani, mi za mu ci? Taswira?"

Na ce to a bar ni ni in kai, ba da sunansa ba. Ya ce, "Ustaza, na gode. Gidana ne." Ya jawo carbinsa, wato na tashi ke nan.

Laraba ruwa ya zo layin gonarsu, aka tashi Najwa tun asuba ta dafa wa masu aiki abinci, ta kai, ta dawo, ta sake ɗorawa. Da yamma da ta buɗe kwamfutar, baƙin ya kai tafin hannu. Ta zo bakin katanga, ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ustaza, gobe ne ƙarshe. Zan ce malaminmu na nemana Madani. Ki raka ni Hasahisa."

Na san ƙarya ce, na kuma san abin da zai iya biyo baya. Na ce mata ta same ni a bakin hanya ƙarfe tara.

Shagon Hamid ɗan ƙarami ne, a layin masu waya. Saurayi ne mai natsuwa. Najwa ta ajiye kwamfutar a kan teburi ta buɗe, tana shirin doguwar magana, sai ya riga ta.

"Ke ce mai taswira? Tun Asabar nake sa ido. Na ce wa ɗan'uwanki ba za ta yi miki ba."

Muka dubi juna. Ya ga ba mu gane ba, sai ya warware mana. Ranar da suka zo, Alhaji ya tafi masallaci ya bar Saifuddeen ya zaɓa. Hamid ya karanta takardar Najwa, ya ce wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi, ya fito da mai kyau, suka gwada fari da baƙi da shuɗi da kore, ba ta da aibi ko ɗaya. Sai Saifuddeen ya hango wata a gefe, wadda ta bugu a hanya aka ware za a mayar Khartum. Ya tambaya, aka nuna masa ɗigon. Ya ce a ba shi ita a rage, ragin kuma a cika masa da waya. Kafin Alhaji ya dawo daga salla an rufe kwali.

"Raina bai kwanta ba," in ji Hamid, "shi ya sa na rubuta kwana bakwai. Na ce masa in ba ta yi mata ba, ya dawo da ita da wayar, ya ɗauki mai kyan. Ga ta can na ajiye, ban sayar ba. Amma motar wakilin kamfani za ta zo da la'asar ta kwashi kayan da za a mayar. In ta tafi ba wannan, ba wanda zai karɓe ta daga hannuna kuma, ni ma yaron wani ne a sana'ar nan. A kawo wayar kawai."

Na ce masa, ba ka jin an ci mutuncinka in an mayar? Ya yi dariya. "Mutunci kuma? Kullum ana mayarwa, ya Ustaza. Babana ma bai san an yi cinikin ba."

Goma da rabi ne lokacin. Daga ƙauye zuwa nan rabin awa. Najwa ta karɓi wayata ta kira yayanta, na ji muryarsa tana fitowa.

"Yaya, ina shagon Hamid. Ya gaya mini komi. Ba zan faɗa wa kowa ba, wallahi. Ka kawo wayar kawai."

"Shagon wa? Ke da kinka ce Madani za ki? To ki jira, Abba zai ji."

Ya kashe. Ta sake kira, a rufe. Sai ta kira ubanta a gona, ta faɗa masa duka, tun daga sallar da ya tafi har zuwa motar la'asar. Ta ce, "Abba, ba ruwan Fatiha, ba ruwan gona. Hamid ya yarda. Ka ce wa Yaya ya kawo wayar." Ta cikin wayar ina jin ƙarar ruwa a bayansa. Ni kam na sa rai. Na ce uba ne, yanzu da ya ji gaskiya zai tashi.

"Wa ya ba ki izinin zuwa?" abin da ya fara cewa ke nan.

"Abba..."

"Kin je kin kwance wa ɗan'uwanki zane gaban ɗan mai gona. In ya ɗauko waya ya kai yanzu, ya amsa shi ɓarawo ne ke nan, duk kasuwa ta ji. Ba a gidana ba. Ki ce wa yaron mun gode, kaya sun yi kyau, ki ɗauko ki dawo. Yanzu."

Ba mu tafi ba. Muka zauna a kan benci a ƙofar shagon, ko Allah zai sa wani ya sake tunani. Hamid ya sawo mana shayi ya huce a gabanmu. Duk motar da ta tsaya a bakin layin sai Najwa ta miƙe ta leƙa. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Motar wakilin ta zo, aka loda kwalaye, Hamid ya tsayar da direban da surutu har kusan rabin awa, daga baya ya dubi Najwa ya buɗe hannuwa. Motar ta tafi. Ta rufe kwamfutarta ta rungume, ta ce masa, "Abbana ya ce a ce maka mun gode."

Kafin magariba an yanke hukunci a gidan Alhaji, ina ji ta katanga. Saifuddeen dai an ce ya yi kuskure, yaro ne, Shaiɗan ne, kada a sake tayar da maganar. Wayar ma ba a karɓe ba, wai in an karɓe mutane za su tambayi dalili. Najwa kuwa ta yi ƙarya, ta fita ba izini, ta kunyata gida. Aka sa ta durƙusa ta ba yayanta haƙuri, ya ce ya yafe mata. Sannan Alhaji ya ce ba za ta sake taka Madani ba sai ranar da ya ga hankalinta ya dawo, tunda da sunan Madani ta yi ƙaryar. Ni kuma aka aiko Hadizatu ta gaya mini, cikin ladabi, in rage shiga gidan.

Duk da haka yarinyar nan ba ta saki ba. Kwana goma sha biyun da suka rage, tana gama aikin gida sai ta zauna da kwamfutar, tana zane a ɗan wurin da ya saura a dama, wanda kullum raguwa yake. Daga faɗin littafi ya koma faɗin tafi, daga nan ya koma yatsu uku. Kwana biyu kafin ranar miƙa aiki shashar ta rufe baki ɗaya. Injin na kunne, ana jin fankarsa na juyawa, aikinta duka yana ciki, ba ta ganin komai. Da an bar ta ta je Madani, da ta jona da wata shashar ta ƙarasa a wuni biyu. Ta roƙa, uwarta ta ce ta bari ran ubanta ya huce. Ranar ta zo ta wuce tana wankin tukwane.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba wanda ya yi mugunta da sunan mugunta a gidan nan. Kowa da hujjarsa mai kyan ji. Wannan yana kare Fatiha, wannan tana kare zaman lafiya, wancan ana kare masa mutunci. Yarinyar da ta san yadda ake duba abu kafin a saya, ta rubuta, ta karanta musu da bakinta, ita kaɗai aka hana zuwa, ita kaɗai kuma aka hukunta. Mutuncin namijin da ya yi sata ya fi shekara huɗu na karatun macen da aka yi wa satar nauyi, kuma da za ka zagaya ƙauyen nan ka tambaya, da yawa za su ce Alhaji ya yi dattako.

Bayan sati ɗaya malaminta ya bugo wa Alhaji waya, yana tambayar me ya hana ɗalibar da ta fi kowa a ajin kawo aikinta. Alhaji na zaune a tsakar gida, Najwa na durƙushe tana zuba masa shayi. Na ji amsarsa da kunnena.

"Wallahi ƙaddara ce, ya Ustaz. Mun sawo mata inji sabo fil, ya lalace a hannunta. Ka san mata da sakaci."

Ta gama zuba shayin, ta ajiye butar a hankali, ta tashi. Da ta zo zubar da ruwan wanke-wanke a gindin katanga, ta yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ustaza, ni an rufe mini baki. In an tambaye ki, ke kam ki faɗi yadda anka yi."

Ba wanda ya tambaye ni. Na gaji da jira, shi ya sa na rubuta.